Yatsan Mai Shayi Ba Ya Gwada Nonon Jariri

Sevran, ranar Laraba da hantsi.

Zuwa ga ɗana Mahamadu, mai sunan mahaifina, wanda bakina bai saba kira da komai ba sai Babana.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka. Allah Ya ɗauke ku lafiya gobe, Ya sauke ku Lyon lafiya, Ya sa ku shiga sabon gida da ƙafar dama, Ya haɗa ku da maƙwabta na kirki. Amin.

Tun ina yaro a Damagaram na ji wani labari, wai a ƙasar Faransa maza ne ke shayar da jarirai. Wanda ya fara faɗa mana wani tsohon soja ne a unguwarmu, Baba Sarjan, wanda ya yi wa Nasara aiki har ya haye teku ya dawo. Da la'asar yakan zauna gindin dogon yaro a ƙofar gidansa, mu kewaye shi, ya yi ta zuba. Ya ce a can ruwa na daskarewa ya zama dutse, har mutum ya taka shi ya wuce. Ya ce jirgin ƙasa na tafiya a ƙarƙashin gari kamar gafiya. Ya ce namiji da gemunsa zai zauna ya rungume jinjiri ya ba shi nono, matar kuwa ta rataya jaka ta tafi aiki. Biyun farko mun ce to, duniya da faɗi take. Na ukun nan kuwa, ko mu yara mun san Baba Sarjan ya ƙara gishiri. Da na kai wa kakata labarin, cewa ta yi, "Ku bar shi, ƙarar bindiga ce ta taɓa masa kai."

Da na zo ƙasar nan na taka ruwan da ya zama dutse, har ya kayar da ni a gaban mutane. Na shiga jirgin gafiyar nan, yau shekara talatin da wani abu ina shigarsa. Saura na uku. A kansa nake rubuto maka.

Za ka ce, Baba, wata uku muna zaune gida ɗaya, me ya hana ka faɗa da baki? Kunya ce, Babana. Zancen ya shafi abin da matarka ke shayar da 'yarku, kuma suruki ba ya buɗe baki ya ambaci wannan a inda surukarsa za ta ji, ko da a Paris ne. Ko takardar ma sai da na zagaya ɗaki sau uku kafin na zauna. Zan sa ta cikin jakar sanyin da za ku ɗauki kwalaben nonon, don na san can ne kaɗai ba za a manta a duba ba.

Ka san yadda al'amarin yake, amma bari in jera shi yadda nake ganinsa daga kujerata. 'Yata Nafisa, matarka, ta sami aikin da ta yi shekaru tana karatu dominsa, a wani ɗakin bincike a Lyon, kuma watannin farko na gwaji ne. In ta tsaya a riƙe ta, in ta yi ta fashi a ce mata sai wani jiƙon. 'Yarku, da kuka sa wa sunan mahaifiyarka har muke ce mata Hajiya Ƙarama, watanta huɗu, ba ta san komai ba sai nono. Gidan renon yara sun ce babu wuri sai bayan sanyi ya wuce. Kai kuwa aikinka a kan na'ura yake, daga ɗaki kake yinsa. Ke nan daga safe zuwa la'asar kai ne uba, kai ne uwa. Nafisa ta tatsa ta ajiye a firigo cikin sanyi, kai ka ɗumama ka ba yarinya a bibero, kwalbar nan mai roba a baki.

Ranar Asabar ina falo da carbi a hannu, kuna ɗakin girki. Na ji Nafisa tana yi maka bayani a hankali, ka katse ta da dariya, ka ce, "Mais c'est simple, Nafi! Ai da sauƙi. A jefa a mikro-ond, injin ɗumama abincin nan, minti ɗaya, shi ke nan." Can ta ce, ƙasa-ƙasa, "In dai abin bai yiwu ba, sai in bar aikin sai baɗi." Ka ce, "Ça va aller," wai komai zai yi daidai, ka ci gaba da ɗaure kwalinka. Ni kuwa carbin ya tsaya a hannuna, don na taɓa jin wannan magana daga bakin wata mace, kuma baɗin nata har yau bai zo ba.

Lokacin da aka haife ka muna Aubervilliers, bayan manyan shagunan 'yan sari, a ɗaki ɗaya da 'yar kusurwar girki da labule ya raba. Ni ina rubuta littafin ƙarshen karatuna, a gida nake wuni. Mahaifiyarka kuwa tana karatun ungozoma, ta kusa gamawa, kuma lokacin aikin koyo a asibiti ya zo, wanda ba a fashinsa. Kai ka san ta a matsayin mai ɗinki, mai zuwa kasuwar Château Rouge zaɓen atamfa. Ba ka san ta da farar riga ba. Ni na san ta. Rigar ta yi mata kyau ƙwarai.

A lokacin ba ta da irin injin tatsar da Nafisa ke da shi, mai lantarki, mai gurnani kamar kyanwa tana barci. Nata na hannu ne, sai ta yi ta matsawa har yatsu su ƙage. A lokacin hutun cin abinci take yi, a ɗakin canza tufafi, tana tsaye bayan ƙofa. Abokan karatunta suna cin nasu abincin, ita tana tara maka naka. Ta dawo da shi cikin jaka da ƙanƙara, ta sa a firigo, washegari in ba ka.

Ranar farko ta tsaya za ta nuna mini yadda ake yi. Na ɗaga mata hannu. Na ce, "Hadiza, ni za ki koya wa madara? Ni da na tashi a gidan da ake tatsar shanu safe da yamma? Tun ban iya ɗaure wando ba nake riƙe wa kakata ƙwarya."

Ta ce, "Malam, wannan ba na saniya ba ne."

Na ce, "Nono dai nono ne."

Ta dubi agogo, ta dube ka, ta ɗauki jakarta ta fita.

Wannan shi ne kuskurena na farko, kuma shi ya haifi sauran duka. Wanda bai sani ba, kuma ya san bai sani ba, da sauƙi. Wanda ya san wani abu mai kama da abin, shi ne abin tsoro. Ni na san shanu, kai ka san na'ura, kuma ba ɗaya daga cikinsu da ya taɓa renon Hajiya Ƙarama. Saboda haka kafin Nafisa ta fara aiki, ka ce mata ta nuna maka tun daga farko, kada ka katse ta. In ta gama, ka yi a gabanta ta gani. Kwana nawa nono ke yi a firigo, kwana nawa a wurin ƙanƙara, ba zan faɗa maka ba, don kada in sake zama malamin abin da ban karanta ba. Ku tambayi ma'aikaciyar asibitin yara ta unguwarku, ku rubuta, ku liƙa a ƙofar firigo. Matambayi ba ya ɓata.

Kwana na uku na buɗe firigo, na ɗago kwalba, na ga abin da ya tayar mini da hankali. Maiƙo ya taso sama ya kwanta, ƙasa kuwa tsararo, ruwa-ruwa. A gidanmu in madara ta yi haka, an ce ta tsinke, sai dai a ba kare. Na buɗe na sansana, ƙanshin bai yi kama da wanda hancina ya sani ba. Na ɗauki kwalba biyu na tuttular a wurin wanke-wanke, na sake musu ruwan famfo. Na ba ka ta ukun, wadda ta tatsa da safen nan. Kafin la'asar ka cika gida da kukan yunwa, ni kuwa ina jijjiga ka ina jin kaina kamar wanda ya ceci rai.

Da ta dawo ko takalmi ban bari ta cire ba. Na ce, "Allah Ya taimake mu yau na duba. Biyu sun lalace, na zubar."

Ta je wurin wanke-wanken ta tsaya tana kallonsa, alhali babu abin gani sai cokali biyu da soso. Can ta ce, "Abincin ranata na kwana biyu ke nan, Malam." Sa'an nan ta yi mini bayani cewa haka nonon mutum yake yi in ya zauna, lafiyarsa lau, juya shi kawai ake yi ya haɗe. Na ji ta da kunne ɗaya. A zuciyata ina cewa, wannan firigon nasu dai ban yarda da shi ba.

To, ka ji. In ka ga ya rabu biyu, ba lalacewa ya yi ba. Ka juya kwalbar a hankali, yadda ake juya kunu a ƙwarya don kada ya zuba, ba yadda ake kaɗa gora a fitar da man shanu ba. Wani lokaci launinsa ya canza, wani lokaci wanda ya kwana a ƙanƙara ya zo da wani ƙanshi dabam. Kada hancinka ya yanke hukunci shi kaɗai. In kana shakka, ajiye shi gefe, ba ta wani, ka tambayi mai shi in ta dawo. Ku riƙa rubuta rana a jikin kowace kwalba, ka fara da wadda ta fi daɗewa. Kuma ka riƙa ɗumama kaɗan-kaɗan, in ta shanye ka ƙara, don wanda ta sha ta rage ba a ajiye shi sai an jima, wanda kuma ya narke ba ya komawa ƙanƙara. Duk ɗigon da ya tafi a banza, ka tuna wani ya tsaya bayan ƙofa ya haƙura da abincinsa kafin a same shi.

Yanzu ga babban. Kakata, Allah Ya jiƙanta, ba ta taɓa ba yaro ɗanyar madara ba. Sai ta ɗora a wuta ta tafasa, ta taso, ta sauke. Ta ce wuta ce ke kashe ciwon da ke cikinta. A kan madarar shanu gaskiyarta ne. Ni kuwa na ɗauko dokar kakata daga Damagaram na kawo ta Aubervilliers, na ɗora wa abin da ba ta shafa ba. Na ce tunda firigo na tsinka nonon nan, bari in riƙa tafasa shi. In mahaifiyarka ta fita sai in juye a kasarol, 'yar tukunyarta mai mariƙi, in jira ya taso, in sauke ya huce, in ba ka, in wanke kasarol in mayar wurinta. Kwana huɗu ina haka. Daga baya na gane wutar nan ba ciwo take kashewa ba, garkuwar da Allah Ya zuba a cikin nonon don ta tsare ka, ita nake dafawa.

A kwana na biyar Malam Isufu ya ƙwanƙwasa ƙofa. Ba ka san shi ba, ya rasu kana ƙarami. Dattijo ne ɗan Tawa, yana zuwa sarin kaya a shagunan bayan gidanmu ya koma gida da su. Shi ne mai kai mana wasiƙu, shi ne kuma rediyonmu. Abin da ya gani a Paris ranar Litinin, kafin Juma'a ta biyu an ji shi a Yamai, a Maraɗi, a Damagaram, kuma ya ƙara ƙiba a hanya. Muka zauna muka shiga gaisuwa. Ina gida, ina iyali, ina sanyi, ina karatu, ina gajiya. Ba mu kai rabi ba ka farka ka soma kuka.

Ya ce, "Ina uwar ɗakin?"

Na ce, "Ta ɗan fita."

Ya ce, "To wa zai ba maigidan nan nono? Ko kai ne?" Ya bushe da dariya har yana dukan gwiwa.

Babana, a take Baba Sarjan ya faɗo mini a rai. Na hango gindin dogon yaron nan, na hango yara sun kewaye wani tsoho, yana cewa, kun san Abdu jikan Inna Mariya, wanda aka tura karatu? To shi ke shayarwa yanzu. Na ce wa Malam Isufu, "Yanzu za ta dawo, bari in ɗan lallashe shi." Na ɗauke ka na shige bayan labule kamar ɓarawo. Na kunna wuta da ƙarfi, na tafasa, na juye a bibero, na tara shi a ƙarƙashin famfo kaɗan. Kwalbar ta yi sanyi a hannu. Na ɗiga a kan yatsana, ban ji komai ba.

Ina zan ji? Ka san yatsun nan. Tun ina saurayi suke ɗaukar garwashi su mayar kan mangal, suke sauke butar shayi ba tsumma. Fatar kansu ta zama kamar ta ƙasan takalmi. Da su na auna abin da zai shiga bakin ɗan wata uku.

Zuƙa ɗaya ka yi. Kukan bai fito nan take ba. Bakinka ya buɗe, jikinka ya sandare, babu sauti, kana kallona. Sa'an nan ya fito. Daga bayan labule na ji Malam Isufu yana cewa, "Kai, madalla! Wannan ɗa ladanci zai yi." Ni kuwa ina durƙushe ina hura maka baki, ina karanta duk abin da ya zo mini.

Ga yadda ake yi, yanzu na sani. Ka sami kwano, ka zuba ruwan ɗumi, ba tafasasshe ba, irin wanda za ka iya yi mata wanka da shi. Ka tsayar da kwalbar a ciki a rufe, ka jira. Jiran shi ne aikin. In ruwan ya huce ka canza. Ka ɗago, ka juya a hankali don ɗumin ya gauraya, sa'an nan ka ɗiga a cikin wuyan hannunka, nan inda fata ke da laushi, inda jijiya ke bugawa. In ka ji zafi, ya yi yawa. In ka ji kamar ba a ɗiga komai ba, shi ne daidai, don haka yake fitowa daga jikin uwa. Gara ma ya ɗan yi sanyi da ya yi zafi. In kun sayi injin ɗumama kwalba, to, amma ko shi kada ka yarda da shi sai wuyan hannunka ya shaida. Mikro-ond ɗin nan naka kuwa ƙanen kasarol ɗina ne, har ya fi ta munafunci. Yana barin gefe ɗaya da sanyi, ya ɓoye wuta a tsakiya. Ka bar shi ga ɗumamen tuwo.

Kada kuma ka jira sai ta yi kuka kafin ka ɗora ruwa. Kukan jariri na sa babban mutum ya rasa hankalinsa, kuma duk ɓarnar da na yi cikin gaggawa na yi ta. Na lura da Hajiya Ƙarama a watannin nan. Kafin ta yi kuka takan tura hannu a baki, ta riƙa juya kai tana neman wanda ya yi mata alkawari. Da ka ga haka, tashi. Aikin na'ura zai jira. Baƙo ma zai jira. Ko wane ne ya zo, dattijo ko malami, ka gaishe shi da yarinya a kafaɗa, ka ɗumama a gabansa, in ya cika surutu ka ba shi kwanon ya riƙe maka. In ya kai labari gida, ya kai. Ni na ji kunyar baƙon da zai sha shayi ya tafi, ban ji kunyar wanda aka ba ni amana ba.

Da a nan abin ya tsaya, da ban rubuta takarda mai tsawon nan ba.

Wani ɗan farin bororo ya fito a cikin leɓenka. Daga ranar ka yi rantsuwa da bibero. Da ka hango robar sai ka kawar da kai ka ƙulle baki. Da mahaifiyarka ta dawo ka faɗa mata kamar wanda ya fito daga hamada. Ta ce, "Yau lafiya?" Na ce, "Ya ƙi bibero ne kawai, ban san dalili ba."

Washegari haka, jibi haka. Ta fara satar jiki da tsakar rana, ta shiga metiro, jirgin gafiyar nan, ta zo ta shayar da kai a tsaye ta koma a guje. Ta fara makara. Ta fara rasa aikin yamma. Shugabarsu ta kira ta ta ja mata kunne. Matan da take haɗuwa da su a Château Rouge suka ce, "Ke ma dai, yaro ya san uwarsa, wa ya ce miki ana ajiye nono a firigo kamar miya? Zauna gida." Kullum in ta dawo ta zauna tana shayar da kai, sai ta ɗago kai ta ce, "Malam, babu abin da ya faru?" In ce, "Babu." Sati biyu muna haka. Ranar da suka cika ta wanke farar rigar, ta goge, ta ninke, ta sa a ƙasan akwati. Ta ce, "Sai baɗi."

Baɗi ya zo da cikin ƙanwarka Zainabu. Wanda ya biyo shi na sami aiki, muka dawo Sevran. Sa'an nan keken ɗinki ya shigo gida. Ba wanda ya hana ta komawa da baki. Haka dai kwanaki suka yi ta tafiya, ni kuma na bar ta tana zaton kai ne ka ƙi, ko kuwa nonon nata ne ba ya son ajiya.

Ranar Lahadin nan da ta wuce, bayan abin da na ji a ɗakin girki, kun fita sayen kwali, na same ta a kan kekenta tana haɗa wa Hajiya Ƙarama 'yar riga. Na ja kujera na zauna. Na ce, "Hajiya, akwai maganar da ta yi shekara talatin da ɗaya a cikina." Na faɗa mata duka, da kasarol, da Malam Isufu, da yatsa. Keken bai tsaya ba sai da ta kai ƙarshen layi. Ta yanke zare da haƙori.

Ta ce, "Na sani."

Na ce, "Kin sani?"

Ta ce, "Ungozoma fa nake karanta, Malam. Tun ranar na ga leɓensa. Na kuma ga kasarol ɗina, ƙasanta ya kama, kai kuwa ba ka taɓa iya kankarar tukunya ba."

Na ce, "To me ya hana ki faɗa?"

Ta ce, "Na tambaye ka kullum har sati biyu." Ta ɗaga rigar tana duba ɗinkin. "Da ka ce mini, Hadiza, na ƙona shi, da na nuna maka yadda ake ba shi da ɗan cokali har bakin ya warke. Aikin kwana kaɗan ne. Ba ƙunar ce ta zaunar da ni ba. Mutumin da ba zai faɗa mini abin da ya sami ɗana ba, yaya zan bar masa shi in tafi in riƙe 'ya'yan wasu?"

Babana, na yi shekaru ina fassara takardun manya a ofis, ban taɓa rasa kalma ba sai ranar. Da ƙyar na ce ta yafe mini. Ta ce, "Na yafe tun kafin Zainabu ta yi haƙori. So nake dai in ji da kunnena kafin ɗayanmu ya tafi." Ta share ido da gefen mayafi, ta ce, "Ka tsufa, amma ba ka wuce koyo ba. Gobe in sun fita za ka wanke hannu."

Wannan ita ce shawarar da ta fi duk sauran, in ka manta da kwano da ruwan ɗumi kada ka manta da ita. Za ka yi kuskure, babu makawa. Wata rana kwalba za ta kuɓuce maka, wata rana za ka manta da ita a kan tebur har ta wuce lokacinta. Ranar da ya faru, ka faɗa wa Nafisa kafin ta cire takalmi. Za ta yi fushi, wataƙila ta yi kuka, ka tsaya ka sha. Macen da ta san za a faɗa mata gaskiya tana iya rufe ƙofa ta tafi aiki da zuciya ɗaya. Wadda ke shakka kuwa, jikinta ne kawai zai je, kuma ba a daɗewa jikin ma ya dawo gida. Aikin Nafisa ba a hannun shugabanninta kaɗai yake ba. Rabinsa na cikin kwanon ruwan ɗumin nan.

Ranar Litinin kun je karɓo takardun gida, kuka bar mana yarinya da kwalba ɗaya. Mahaifiyarka ta tsaya a kaina kamar mai jarrabawa. Na zuba ruwa, ta sa gwiwar hannu ta ce ya yi zafi, na sirka. Na tsayar da kwalba, na jira, hannuna na ƙaiƙayi in yi wani abu, ta ce, "Zauna." Na juya a hankali. Na miƙa yatsa don sabo, ta buge shi. Na naɗe hannun riga na ɗiga inda ya dace, ban ji zafi ba, ban ji sanyi ba. Na zauna a kujerata, na ɗan tayar da kan Hajiya Ƙarama a kan hannuna, na taɓa mata leɓe da robar. Ta dube ni tsawon lokaci, kamar an ba ta labarina. Sa'an nan ta kama. Ta sha, ta huta, ta sha, hannunta ɗaya riƙe da gemuna don kada in gudu. Ta shanye tas, ta yi gyatsa irin ta mai unguwa, ta yi barci.

Na tsaya nan, takarda ta kusa ƙarewa. Gobe a jirgi kada ka yi ta buɗe jakar sanyin, kuma da kun isa, kafin katifa, kafin na'urarka, firigo za ka fara kunnawa. Ka gaishe mini da 'yata Nafisa, ka ce mata muna alfahari da ita. Kada ka nuna mata takardar nan. In kuwa ka nuna mata, to ni ban sani ba, kuma in kun zo hutu kada wanda ya dube ni.

Allah Ya tsare ku a hanya da masauki. Allah Ya raya Hajiya Ƙarama, Ya albarkaci abin da take sha. Allah Ya tabbatar da Nafisa a kan aikinta, Ya sa babanta da mamanta su ga amfanin wahalarsu. Kai kuma Allah Ya ba ka haƙurin jiran ruwa ya yi aikinsa, da ƙarfin faɗin gaskiya tun tana da ɗumi. Ya haɗa fuskokinmu da alheri. Amin summa amin.

Mahaifinka,
Abdu

Af, na kusa mantawa da labarin Baba Sarjan. Bayan shi na sha jinsa a bakin mutane. Duk lokacin da na je gida sai wani ya ja ni gefe ya ce, wai gaskiya ne a can maza ke shayarwa? In ce ƙarya ce, ku rabu da masu ƙarin gishiri. Na ƙarshe na ji shi ranar Litinin ɗin nan, ina zaune da kwalbar da ta ƙare a hannu, yarinya na barci a ƙirjina. Daga ƙofar ɗakin girki aka ce, "Malam, ka ji wani labari kuwa? Wai a Faransa maza ne ke shayar da jarirai." Na ce, "Wa ya faɗa miki?" Aka ce, "Gani ya kori ji." Wannan karon ban musa ba, don mai maganar ba ta taɓa ƙara gishiri a zance ba. Mahaifiyarka ce, Hadiza ungozoma.